Wanda Ya Tsaya A Ƙofar Ɗakin Gashi

"Auta! Ke Auta! Wai guga kike yi wa rigar nan ko ƙona ta aka sa ki?"

Firgigit Auta ta ɗaga dutsen guga. Saura ƙiris wuyan farar rigar Baba ya tashi aiki. Goggo ce tsaye a ƙofar falo, ƙanwar Baba, mayafi a kafaɗa, tana yi mata kallon wadda aka kama da hannu a tukunya.

"Sannu da zuwa Goggo. Wallahi ban ji sallamarki ba."

"Ina za ki ji? Gangar jiki ce kawai a nan, zuciya tana can wajen wannan zanƙalelen yaron. Kai, ni dai ban taɓa ganin mutum mai tsayin banza irinsa ba. Idan zai shigo gidan nan sai ya yi wa ƙofa ruku'u!"

Auta ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Dogo ake nufi, abokin Yaya, wan Auta, tun suna jami'a, inda su biyun suka karanta Fiziks. Ya daɗe yana shiga gidan kamar ɗan gida, ya ci abincin Mama har ya suɗe kwano, tun Auta tana 'yar sakandare mai gudu idan ta ga baƙo. Yanzu ta zama malamar firamare, shi kuma ya daina kiranta ƙanwarmu. Yau ne Yaya ya yi alkawarin gaya wa Baba cewa Dogo yana son turo manyansa.

Tun da Mama ta rasu gidan ya koyi yin shiru. Kujerarta tana nan kusa da taga, ba wanda ya ce kada a zauna, ba kuma wanda yake zama. Da yamma rana takan shigo ta kwanta a kanta na ɗan lokaci, sannan ta tashi ta tafi. Baba, tsohon direban bas da a da muryarsa take cika unguwa, ya koma mutum mai magana ɗaya biyu. Shi ya sa Auta ta sa rai wannan labarin zai dawo masa da fara'a.

Da farko kuwa ya dawo da ita. Bayan la'asar suna zaune a falo, Yaya ya gyara murya ya faɗa. Fuskar Baba ta saki.

"Dogo? Ai yaron kirki ne. Uwarku ma tana ji da shi. Har yanzu yana koyarwa a makarantar nan?"

"A'a Baba, ya bar koyarwa. Yana babban asibiti yanzu."

"Asibiti kuma? Yaushe ya zama likita?"

"Ba likita ba ne. Aikin Fiziks ɗin yake yi. Shi ne... yana cikin masu kula da injin gashi na masu ciwon daji."

Kofin shayin da ke hannun Baba ya tsaya a tsakanin tebur da bakinsa.

"Injin da aka kwantar da uwarku a ƙarƙashinsa?"

"Baba, lokacin bai fara aiki a can ba—"

"Tambayarka na yi! Shi ne ko ba shi ba ne?"

"Shi ne."

Baba ya ajiye kofin a hankali. "Na ga abin da injin nan ya yi wa fatar matata. Ni na riƙa shafa mata magani da hannuna. Akwai kuma safiyar da na ɗauko ta tana nishi, muka zauna a bencin nan har rana ta take, sannan wani ya leƙo ya ce mu koma gida, injin ba ya aiki. Ko kallonmu bai yi ba. Muka yi ta zarya ana cewa mu dawo gobe. Daga nan ba ta ƙara miƙewa sosai ba. Ran da suka karɓe ta sun ƙone ta, ran da ba su ƙone ta ba sun kore ta. Yanzu kuma ku ce in ɗauki 'yarta in ba ɗaya daga cikinsu?"

"Ga kuma maganar haihuwa," in ji Goggo, tana gyara zama. "An ce duk namijin da yake shaƙar wutar injin nan, shi da ganin ɗansa sai dai a mafarki. Ba ku ga wani ɗan abu da yake maƙalawa a ƙirji ba? Maganin cutar ne yake yawo da shi!"

"Haba Goggo!" Yaya ya ce. "Baji ne fa. Yana auna ko wani haske ya taɓa jikinsa, ana kuma duba shi a kai a kai. Idan injin yana aiki ma ba ya cikin ɗakin, bango mai kauri ne a tsakaninsu."

"To abin da sai an ɓuya masa a bayan bango, lafiya ce?"

Baba ya ɗaga hannu, ya dubi Yaya. "Ba na ƙin yaron. Kai ma ba karatun nan ka yi ba? Ga ka nan a banki, kana shiga ofis da rigarka fes kana lissafi a kwamfuta. Ka nema masa irin naka. Ran da ya bar ɗakin nan, ya turo manyansa. Idan bai bari ba, kada a ƙara yi mini maganar."

Auta ta tashi ta shige ɗaki. Ta danna fuskarta a filo don kada Baba ya ji kukanta, don ta san nasa kukan ya fi nata tsufa.

Washegari da aka tashi daga makaranta ta tarar da Dogo a bakin get, a ƙarƙashin bishiya, yara suna wucewa suna ɗaga kai suna kallonsa. Yaya ya riga ya gaya masa komai.

"Malama, irin wannan kumburin ido fa? Ɗalibai ne suka zane ki?"

"Dalla ni ka bar wasa. Ba ka ji abin da Baba ya ce ba?"

"Na ji. Yayanki har ya samo mini intabiyu, suna neman mai iya lissafin alƙaluma." Ya jingina da bishiyar. "Ba wai ba ni da wajen zuwa ba ne, Auta. 'Yan ajinmu sun watsu ko'ina. Gajere yana filin jirgin sama yana hasashen yanayi, shi ke gaya wa matuƙa hadari na tafe. Wata 'yar ajinmu tana yawo da wayoyi tana auna ƙasa, ita ke nuna inda za a haƙa bohol a samu ruwa. Akwai masu sola, akwai masu kamfanin waya, akwai masu duba waldar bututu ko ta tsage daga ciki. Koyarwar ma da na bari, gobe idan na koma za su karɓe ni."

"To me ya kai ka wajen da ya fi kowanne ciwo?"

Ya murza bajin da ke aljihun rigarsa.

"Mama ce. Ran da na je duba ta na zauna a bencin nan tare da ku. Na ga mutane suna shiga ɗakin nan da tsoro a idonsu, ba su san me ake yi musu ba. Ni kuwa na sani, a aji aka koya mana. Hasken nan idan ya yi kaɗan ciwon ya tsira, idan ya yi yawa ya cinye naman da ba ruwansa. Tsakanin biyun ɗan siriri ne, kuma sai an samu mai tsaronsa kullum. Na ce ashe karatun da ake yi mana dariya a kansa yana da aiki a nan." Ya dube ta. "Amma ki ji ni da kyau. Idan kika ce in bari, zan bari. Ba zan taɓa yi miki gori ba."

Kalma ɗaya ce kawai. Tana nan a kan harshenta, mai sauƙi, da ta faɗe ta an gama. Ta dubi hannayensa dogaye, ta tuna yadda yake ba ta labarin marasa lafiyarsa, tsohuwar da take kiransa jikana, da mutumin da ya gama gashinsa ya koma gona. Sai ta ji wani abu ya cika mata ƙirji, wanda ya fi tsoro nauyi.

"Ba zan ce ba," ta faɗa, hawaye na zubo mata. "Ba kuma zan saɓa wa Baba ba. Zan jira."

"Har yaushe?"

"Oho. Kai da kake auna komai, auna wannan mana."

Ya yi dariya, amma idonsa ya kaɗa.

Haka watanni suka yi ta wucewa. Dogo bai je intabiyu ba, bai kuma ƙara taka gidan ba, don girmama maganar Baba. Gaisuwa kawai yake aikowa ta bakin Yaya, Baba ya amsa da "madalla" ya juya kai. Auta ba ta fasa komai ba. Ta dafa, ta wanke, ta goge, ta gaishe da Baba da fara'a safe da yamma. Sai dai rigunanta sun fara yi mata yawa, waƙar da takan yi a kicin kuma ta ɗauke. Goggo ta zo ta yi faɗa, ta yi lallashi, har ta kawo labarin wani mai shagon tayoyi da ba ya shaƙar komai sai iskar Allah. Auta ta ce, "Na gode Goggo," ta ci gaba da yankan albasa.

Baba yana gani. Wata safiya ya fito da hularsa a kai, ya tsaya a ƙofar kicin.

"Ɗauko mayafinki. Yaron nan ya riƙe ki, bai sake ki ba, bai kuma bi sharaɗina ba. Yau zan je in same shi a wajen aikin nasa, a gabanki, ya zaɓa. Na gaji da ganin kina narkewa."

"Baba, asibitin fa? Za ka iya?"

"Mu je."

Tun daga get ƙafafun Baba suka canza tafiya. Warin maganin wanke ƙasa, doguwar baranda mai koren fenti, kwanar da keken da ake tura Mama a kai yake maƙalewa, duk suna nan yadda suka bar su. Auta ta ga yana taɓa bango da yatsunsa kamar mai gaishe da wanda ba ya so. Ba su kai ƙarshen barandar ba suka fara jin hayaniya.

Bencin cike yake. Mata da maza, wasu da gyale a kan da babu gashi, wasu an jingina su da kafaɗar 'yan'uwa. A gaban ƙatuwar ƙofar ɗakin gashi mutane sun yi cincirindo, a tsakiyarsu kuma Dogo ne tsaye, farar riga a jikinsa, bayansa manne da ƙofar. Wani ƙaƙƙarfan mutum yana nuna shi da yatsa har yana taɓa masa ƙirji.

"Daga nesa muka taso! Uwata ko karyawa ba ta yi ba! Injin yana kunne, ina jin ƙararsa, ka ce ba za a yi ba? Don mu talakawa ne?"

"Yallaɓai, ka yi haƙuri ka saurare ni," in ji Dogo. Muryarsa ba ta tashi ba, ba ta kuma yi rawa ba. "Kowace safiya kafin a kwantar da kowa, sai mun gwada injin. Yau na gwada, hasken da yake fitarwa ya fi wanda aka ce ya fitar. Na sake, haka. Na kira shugabata ta gwada da kanta, haka. Likita ya sani, shi ma ya ce a tsaya. Injiniya yana hanya. Idan na buɗe ƙofar nan yanzu, abin da zai sauka a jikin mahaifiyarka ya wuce abin da likita ya rubuta mata, kuma idan ya shiga ba ya fitowa."

"Ƙarya ne! Haka kuke cewa kullum!"

"Ka zage ni, na yarda. Gobe ma ka dawo ka ƙara. Amma ba zan buɗe ba."

Mutumin ya cakumi wuyan farar rigar. Auta ta yi ƙara ta dafe baki. Kafin ta ankara, Baba ya bar gefenta. Ta ga hularsa tana ratsa mutane, sai ga tsohuwar muryar nan da ta shekara ba ta ji ba, muryar da take tsayar da tasha guda.

"Kai! Sake shi!"

Mutumin ya waiwayo. "Baba, ina ruwanka?"

"Ruwana a nan yake. Na zauna a bencin nan kafin kai, da matata, kuma ba ta tashi ba. Sake shi na ce!" Hannun ya saki. Baba ya matso har suna jin numfashin juna. "Ni direba ne, na tsufa a kan sitiyari. Akwai ran da na taka birki a tasha na ji ya yi laushi, mota cike, kowa yana sauri. Na ce kowa ya sauka. Ba irin zagin da ban sha ba, har da mai cewa uwata. Da na biye musu fa? Yaron nan birki ya taka ya ji laushi. Uwarka yake tsarewa, kai kuma kana shaƙe shi!"

Mutumin ya sunkuyar da kai. Tsohuwar da ke bencin ta miƙa hannu ta ja rigar ɗanta. "Zauna, ɗan nan. Jikana ba ya ƙarya."

Dogo ya gyara wuyan rigarsa, ya bi bencin mutum ɗaya bayan ɗaya, yana durƙusawa don tsayinsa ya zo daidai da fuskokinsu. Ya gaya wa kowa abin da ya faru, ya karɓi lambar waya, ya ce likita zai duba yadda za a cike wa kowa ranar da ya rasa. Sai da ya gama da na ƙarshe sannan ya zo ya durƙusa a gaban Baba.

"Ina kwana Baba. Ban san za ka zo ba."

"Nuna mini abin da kake gwadawa."

Dogo ya nemi izinin shugabarsa, wata dattijuwa mai gilashi, ta gyaɗa kai. An kashe hasken, ɗakin ya yi sanyi. Ga gadon nan siriri, ga ƙaton kan injin a sunkuye a samansa. Baba ya tsaya daga nesa. A kan gadon, daidai inda ake kwantar da mutum, wani akwatin roba ne garai-garai cike da ruwa, da ɗan ƙarfe kamar alƙalami a nutse a ciki, waya ta fito daga jikinsa.

"Ruwa?" in ji Baba.

"Ruwa, Baba. Jikin mutum yawancinsa ruwa ne, to hasken yana ratsa wannan kusan yadda zai ratsa mu. Shi yake fara kwanciya a madadin marar lafiya. Idan awo ya yi daidai, a shigo da mutane. Idan bai yi ba, a rufe ƙofa."

Baba ya matsa a hankali ya ɗora tafinsa a gefen gadon. Ya daɗe a haka.

"Ran da aka kore mu," ya ce, muryarsa ta dushe, "haka aka yi?"

"Ba na nan a lokacin, ba zan ce na gani ba," in ji Dogo.

"Ni ina nan a lokacin," in ji dattijuwar daga bakin ƙofa. "Ban tuna fuskarka ba, Baba, ka yafe mini. Amma ba mu taɓa rufe ƙofar nan don hutu ba. Ko injin ya tsaya, ko awo ya kauce. Inda muka gaza shi ne ba ma fitowa mu yi bayani. Sai da yaron nan ya zo ya ce shi zai riƙa fita."

Kafaɗun Baba suka fara rawa. Auta ba ta taɓa ganin kukansa ba, ko ran da aka fita da Mama. Ta riƙe hannunsa, ya bar ta ta riƙe.

"Ashe ba wulaƙanta ta aka yi ba," yake ta faɗa. "Ashe tsare ta aka yi. Na kwana da wannan abu a raina, ina cewa na kasa kare ta..."

Da ya natsu ya share fuska da hannun riga, ya ɗaga kai sama sosai don ya ga idon Dogo.

"Na zo ne in ce ka zaɓa, ko 'yata ko ɗakin nan."

"Na sani, Baba."

"Da ka zaɓi 'yata ka bar mutanen can, da yau na raina ka." Ya juya ga Auta. "Ke kuma, ya ce miki zai bari idan kika ce?"

"Ya ce, Baba."

"Ba ki ce ba?"

"Ban ce ba."

Baba ya gyaɗa kai, wani murmushi mai ciwo ya ɓullo ta cikin hawayen. "Halin uwarki sak. Kai Dogo, ka gaya wa manyanka ina jiransu. Ka kuma zo da bajin nan ka yi wa Goggonku bayani da kanka, ni ba zan iya da bakinta ba."

Auta ta fito barandar tana tafe tsakanin mutum biyu, ɗaya tsoho ɗaya dogo, kanta a sama, ba ta damu da wanda ya ga hawayenta ba. A bakin ƙofa Dogo ya tsaya, don injiniya ya iso kuma aiki na jiransa. Ta waiwayo sau ɗaya ta gan shi ya naɗe hannun riga ya koma ciki.

Goggo ta sha bayani har sau uku kafin ta yarda, ta kuma ce duk da haka za ta zuba ido. Ta zuba kuwa, aka ɗaura aure, har ranar da aka miƙa mata jaririyar Auta mai dogayen yatsu, ta karɓa tana cewa ita dama can ta san Dogo lafiyarsa ƙalau.

Mama ba ta dawo ba, ba kuma injin da zai dawo da ita. Amma Auta ta samu mijinta ba tare da ta karya zuciyar mahaifinta ba, ba tare da ta raba marasa lafiya da mai tsaronsu ba. Wanda yake sonka da gaske ba zai ce ka ajiye alherin da kake yi don ka same shi ba, zai tsaya ya jira tare da kai. Iyaye kuma, wani lokaci ba ƙiyayya ce take sa su ce a'a ba, wani rauni ne da ba a taɓa wanke musu ba. A yi musu haƙuri har ranar da za su gani da idonsu.